Manaja da Ɗan Kwalin Ashana

Babu wanda ya naɗa shi Manaja. Shi ya tashi wata safiya ya ɗora wa kansa sunan, ya soke biro biyu a aljihun gaba, ya hana kowa kiransa Baban 'Yan Biyu. Mutanen unguwa ba su yi masa gardama ba, tun da ba a ce su yi karo-karo ba. Abin da yake manajanci a kansa ne dai har yau ba a gano ba. Ya taɓa gwada kiwon zomo, zomayen suka haƙa rami suka koma gidan maƙwabci. Ya gwada gyaran rediyo, duk wadda ya taɓa ba ta sake cewa uffan ba. Amma in ka same shi a teburin mai shayi yana zuba, sai ka ɗauka da shawararsa ake fitar da rana.

Matarsa kuwa, Maman 'Yan Biyu, ita ce shugabar ƙungiyar mata manoma ta unguwar. Da can matan ba su da abin yi sai jiran damina, in an girbe dillali ya zo ya taya yadda ya ga dama, su sallama suna ji suna gani. Da suka haɗa kai suka sayi waya mai hoto sai al'amari ya canza. Wannan ta kama lambun tumatir, waccan kiwon kaji, Goggo yayar mahaifin Manaja ta kafa amya tana cire zuma, ga 'yan kajinta a gefe. Su ɗauki hoton kaya su tura guruf ɗin masu saye, a yi ciniki da saƙon murya, direba ya zo ya loda.

Doka ɗaya Maman 'Yan Biyu ta kafa, kuma ba ta wasa da ita: duk hoton da za a ɗauka sai an ajiye kwalin ashana a gefen kayan. Kowa ya san girman kwalin ashana, don haka mai saye yana kallo zai gane girman tumatir ko na ƙwai, babu ka-ce-na-ce in kaya sun isa. Wannan dabara ce ta jawo musu Hajiya mai otal, wadda ta ce za ta gwada su, in ta gamsu duk mako ita za ta riƙa kwashe ƙwai da tumatir. Da cinikin Hajiya matan suke sa ran sayen injin ban ruwa, su huta da jan guga da ya fara lanƙwasa musu baya.

Ana cikin haka ƙanwar Maman 'Yan Biyu ta haihu a wani gari, ta shirya ta tafi, ta damƙa wa Goggo wayar. Gidan Goggo babu wuta. Wayar ta zo caji gidan Manaja, kuma daga nan ba ta koma ba.

"Goggo, ki huta," in ji shi. "Harkar kasuwanci ta zamani sai mu. Kafin ta dawo za ki ga kasuwa ta buɗe."

"Kai dai kada ka buɗe mana wata ƙofar," in ji Goggo. "Ka tura hoto, ka sa ashana a gefe, shi ke nan."

Manaja ya zauna ya yi ta kallon tsofaffin hotunan yana girgiza kai. Tumatir kamar na kowa, ƙwai kamar na kowa. Ina abin burgewa? Ya ɗauki kwalin ashanar ya juya shi, ya sake juya shi, sai ya buga cinya har hularsa ta karkace. Ai ba tumatirin ne ƙanana ba, kwalin ne ya yi girma!

Ya leƙa shagon Tela da ke jikin gidansa ya ari almakashi.

"Me za ka yanka?" in ji Tela.

"Talauci," in ji Manaja.

Ya kulle kansa a ɗaki da reza da gam da biron nan biyu, waɗanda sai ranar suka ga aiki. Kafin la'asar ya ƙera ɗan kwalin ashana wanda bai wuce farcen ɗan yatsa ba, da zanensa da gefen ƙyastawa da komai. A gaskiya ya yi kyau, don tun da aka haife shi bai taɓa yin abin da ya fito daidai kamar wannan ba. Ya shimfiɗa farin buhu a tsakar gida, ya jera kaya, ya ajiye ɗan kwalin, ya kwanta rub da ciki yana ɗauka. Tumatir ya fito kamar kankana. Ƙwai ya fito kamar kabewa. Ya kama kazar Goggo wake-wake ya tsayar da ita a gefen kwalin, ta fito kamar jimina. Ya rufe da hoton kwalbar zuma, wadda ta koma tamkar duro. Ya tura duka, ya bi su da saƙon murya:

"Jama'a, Manaja ne ke magana, sabon mai kula da harkokin ƙungiya. Ga sabon samfuri nan. Wanda ya riga, shi ya samu."

Wayar ba ta sake hutawa ba. Manaja ya ɗora ta a kan teburin mai shayi ya ƙure ƙara, duk kiran da ya shigo sai ya bari ta yi ta ruri kowa ya ji kafin ya ɗaga. Wani mai sayar da iri ya kira yana roƙon a sayar masa da ko cokali ɗaya na irin tumatirin.

"Ba iri ba ne kaɗai," in ji Manaja yana kallon jama'a ta wutsiyar ido. "Akwai wani haɗin taki da na yi. Sirri ne."

Tela ya karɓi wayar ya ƙura wa hoton ido. "Manaja, katanga ɗaya ce tsakanina da kai. Ta wace ƙofa tumatirin nan ya shiga gidanka ban gani ba?"

"Kai da idonka kullum yana kan allura, me za ka gani?"

"To mu je in gani yanzu."

"Ba ya son ido. Da an kalle shi sai ya motse."

Ba a jima ba sai ga Goggo tana dogara sanda, wata jikarta ta nuna mata hoton a wayar mijinta.

"Kai, wannan ba wake-wake ta ba ce? Ga yatsanta nan da ya karye!"

"Ita ce, Goggo."

"Da safe na ba ta dusa, ko gwiwata ba ta kai ba. Yaushe ta zama raƙumi?"

"Goggo, ita waya ta zamani tana fito da asalin abu ne, wanda ido ba ya gani."

"To ka ɗauke ni nima in ga asalina," in ji Goggo. "Wataƙila budurwa ce ni ban sani ba."

Aka fashe da dariya, Manaja ma ya taya su, don bai ga abin damuwa ba tukuna. Damuwar ta zo ne washegari, da Hajiya mai otal ta kira shi kiran bidiyo yana tsakar gida. Ya danne idon kyamarar da babban yatsa kafin ya amsa.

"Malam Manaja, ba na ganin komai. Juya min wayar in ga ƙwan nan."

"Haj… ya… net… wok… ba… kyau…" in ji Manaja, yana yanka maganar da bakinsa. Daidai lokacin zakaran gidan ya hau turmi ya saki cara doguwa, tas, babu gargada.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Netwok ɗin kai kaɗai yake katsewa? Zakaranka dai ina jin sa kamar a ɗakina. Bar shi kawai, ranar kasuwa zan zo da kaina da mota. Ka tanadar min ƙwan nan da tumatirin, ƙwai ɗaya ai ya ishi tebur guda."

Ta kashe. Manaja ya tsaya da waya a hannu yana kallon zakaran kamar ya shaƙe shi.

Wani mai hankali da a nan zai tsaya. Manaja kuwa cewa ya yi, tun da hoto ya girma, sai kaya su biyo shi. Ya zuba tumatir a bokitin ruwa ya bar shi ya kwana, da safe ya tarar ya yi laushi yana wari. Ya ari famfon keke, ya huda tumatir ɗaya ya soka bakin famfon, ya danna da ƙarfinsa. Tumatirin ya fashe masa a fuska, 'ya'yan suka manne a gira da gemu. Tela, wanda ya taka kujera yana leƙe ta kan katanga, ya kusa faɗowa.

"Sannu Manaja! Wannan ne haɗin takin?"

"Gwaji nake yi. Kowane babban kamfani yana gwaji."

A ƙarshe ya ɗauki amalanke ya tafi wata kasuwa inda ba a san shi ba, ya lodo kabewa zagayayyu da gwanda ɗanya, ya rufe da buhu. Ya sayi jan fenti da fari. Kabewa ta sha ja ta zama tumatir, gwanda ta sha fari ta zama ƙwai. Ya jera su a rumfar ƙungiya da ke bakin kasuwa, inda matan suke tara kayansu, ya lulluɓe da tabarma. Ya ja da baya ya kalli aikinsa, ya ji har tausayin matan yake yi da ba su da irin ƙwaƙwalwarsa.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, a hoton zumar nan wani ƙuda ya sauka a kan buhu, daf da ɗan kwalin. Ƙuda ne kamar kowane ƙuda, amma a hoton ya kusa kai kwalin ashana, da jajayen idanu da gashin ƙafa. Masu saye suka yi ta tura hoton daga waya zuwa waya, har ya faɗa hannun shugaban duba-gari, masu kula da tsaftar gari.

Ranar kasuwa Manaja ya ci ado, babbar riga fara, biro uku a aljihu. Mata sun kawo tirorin ƙwai da kwandunan tumatir da kwalaben zuma, ya sa aka tura su can bayan rumfa wai kada su ɓata tsari. Jama'a sun cika maƙil, kowa ya zo ganin tumatirin da ba ya son ido. Mai sayar da iri ya iso da cokalinsa. Motar Hajiya ta tsaya, ta fito da mayafi ruwan madara, tana taku ɗaiɗai.

Manaja ya yaye tabarma kamar mai buɗe sabon asibiti. Aka ɗauki salati.

Hajiya ta matso ta dafa tumatir ɗaya. Da ta ɗaga hannu sai tafin ya fito ja wur. Ta gyara mayafi ba ta sani ba, ja ya hau ruwan madara.

"Malam, tumatirin naka zuba yake yi?"

"Tsabar nuna ce, Hajiya. Jan har waje yake fitowa."

"Kuma yana warin fenti."

"Ƙamshin sabon iri ke nan."

Ta ce a ba ta wuƙa. Wani mahauci ya miƙo tasa da sauri, don shi ma ya ƙagu. Ta tsaga abin da ƙyar, ciki ya bayyana rawaya, ga 'ya'yan kabewa jere.

"Aure na haɗa tsakaninsu," in ji Manaja, gumi yana bin wuyansa. "Waje tumatir, ciki kabewa. Miya biyu a tukunya ɗaya."

"Ƙwan fa?" in ji Tela daga cikin taro. "Shi ma da gwanda aka ɗaura masa? Ga hancinta nan ka manta ba ka cire ba!"

Kafin dariya ta lafa sai jama'a suka dare. Duba-gari ne su huɗu, fuska a rufe da takunkumi, kowanne da tankin feshi a baya. Shugabansu ya ɗaga wayarsa sama, ƙudan nan ya cika fuskar wayar.

"Wa ya ɗauki hoton nan?"

Yatsu suka nuna Manaja ta kowane ɓangare, har da sandar Goggo.

"Tun da nake aiki ban taɓa ganin ƙuda kamar ɓera ba," in ji shugaban. "Wannan annoba ce. Za mu feshe rumfar nan da duk abin da ke ciki, mu rufe lambun, mu ƙone amya, sai an gano inda suke haihuwa."

Nan fa wasa ya ƙare. Matan suka yi kan kayansu suna kururuwa, wata ta kwanta a kan tirorin ƙwanta, Goggo ta rungume kwalaben zuma tana cewa sai dai a fesa da ita. Wahalar shekara guda ce a bayan rumfar, kuma ga Hajiya tana tsaye tana kallo. In ya ce ƙudan gaskiya ne, an feshe kayan mata. In ya ce ƙarya ne, tumatirinsa ma ya bi ƙudan.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ai ƙudan baƙo ne. Wucewa ya zo yi, ya sha zuma ya tafi."

"Ina ya nufa?"

"Gabas."

"To garuruwan gabas ma sai an sanar da su. Ku kunna!"

"Kada wanda ya kunna komai."

Maman 'Yan Biyu ce, da jakar tafiya a hannu, saukarta ke nan daga mota. Tun a can hotunan suka iske ta a wayar mijin ƙanwarta, har ana taya ta murna. Ta karɓi wayar shugaban duba-gari ta kalla, ta buɗa hoton da yatsu biyu.

"Ranka ya daɗe, dubi saƙar buhun da ke ƙarƙashin ƙudan. Ka taɓa ganin buhu mai zare kamar igiyar guga?" Ba ta jira amsa ba, ta juya ta miƙa wa mijinta tafin hannu. "Baban 'Yan Biyu, kawo."

"Manaja dai. Kuma me zan kawo?"

"Kawo, tun ina faɗa a hankali."

Manaja ya dubi gabas, ya dubi yamma, bai ga hanya ba. Ya cire hula, ya laluba cikin naɗinta, ya ɗora mata ɗan kwalin a hannu. Ta ce mai shayi ya ba ta ashanarsa. Ta jera su biyu a kan tebur, uwa da ɗa.

Kasuwa ta fashe da dariya. Mahauci ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ɗaya daga cikin duba-gari ya cire takunkumi don numfashi ya gagare shi. Mai sayar da iri ya jefar da cokalinsa ya ce Allah ya isa kuɗin motarsa. Goggo ta ɗauki ɗan kwalin ta kai shi daf da ido.

"Kai, ashe kana da hannu! Da ka ƙera min ɗan ƙaramin buhun dusa, ko wake-wake ta ga kamar na ƙara mata abinci."

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kalli mayafinta, ta nufi mota. Maman 'Yan Biyu ta sha gabanta, kuma duk wanda ya san ta ya ga kunya ta kama ta har wuya.

"Hajiya, an yi miki ba daidai ba, kuma da wayarmu aka yi, ba zan musa ba. Mayafinki ni zan wanke. Amma kin sha hanya, ki dubi kayanmu na gaskiya kafin ki tafi."

Matan suka jawo kwanduna gaba. Tumatir ne daidai tafin hannu, ja, mai tauri. Maman 'Yan Biyu ta fasa ƙwai ɗaya a faranti, gwaiduwar ta tsaya cak ba ta baje ba. Goggo ta ɗiga wa Hajiya zuma a bayan hannu, wanda fenti bai taɓa ba. Hajiya ta lasa, ta sake miƙa hannun.

"Kaya dai babu laifi," ta ce. "Amma ni da kwalin ashana mun raba gari. Gobe in na ga hoto, ina zan san wane kwalin ne, uwar ko ɗan?"

Hajiya ta juya ta ƙare wa Manaja kallo daga hula har takalmi, yana ƙoƙarin sulalewa ta bayan amalanke.

"Wannan dai na gan shi da idona, na san tsawonsa da faɗinsa, kuma ba a ƙera irinsa biyu. Daga yau duk hoton da za ku turo min, shi zai riƙe kayan. In babu shi a ciki, ba na saye."

Aka loda mata mota a ranar. Duba-gari suka tafi da tankunansu cike, bayan sun sa Manaja ya kwashe kabewarsa ya wanke jan fentin da ya ɗiga a rumfa.

Kafin damina ta zagayo injin ban ruwa ya iso lambu. Sauran masu saye ma suka ce irin hoton Hajiya suke so, don haka fuskar Manaja ta shiga wayoyin garuruwan da bai taɓa takawa ba. Sunan Manaja dai ya bi ruwa, yara da manya Ashana suke kiransa. Shi kuwa ko a jikinsa. A teburin mai shayi yakan karkata hula ya ce:

"Ku tambayi kowa. Ko ƙwai ɗaya ba ya fita daga garin nan sai da ni."

Tela yakan ce wannan kam gaskiya ne, karon farko.

Kowace safiyar kasuwa za ka gan shi a gaban rumfa, tiren ƙwai a hannu, Maman 'Yan Biyu tana saita waya. Kuma kowace safiya sai ya miƙa tiren gaba iya tsawon hannunsa, ya ja jikinsa baya a hankali, ya ɗan tsuke kafaɗu, ko ƙwan zai ƙara girma.

"Baban 'Yan Biyu," takan ce, ba tare da ta ɗaga ido daga wayar ba. "Tiren a ƙirji. Kuma rufe bakin, kada ƙuda ya sake shigo mana hoto."